Kunne biyu ba ɗaya ba ne: yadda ake saita sautin hagu daban, na dama daban

Sau uku kawuna yana aike na kasuwar waya ta Farm Centre in canjo masa iyafis, kuma duk ukun kukansa ɗaya ne: na hagun ba ya fita. Ba wai ya mutu ba, ana ji, sai dai kamar mai karatun yana magana daga bayan labule. A zuwa na uku mai shagon, da ya gaji da ganin fuskata, ya ce, "Malam, don Allah ka koma ka ce wa Baba ya juya su. Ya sa na dama a kunnen hagu, na hagu a kunnen dama. In dusashewar ta bi iyafis ɗin ta koma dama, dawo in ba ka kuɗinka. In ta tsaya a hagu, to ba kayana ba ne." Na koma gida muka gwada. Ta tsaya a hagu.

Kawu ya shekara fiye da ashirin yana jan motar haya. Tun 1972 da Najeriya ta koma tuƙi a hannun dama, direba a hagu yake zama, kunnensa na hagu shi ne a bakin taga, shi ke shan iska da hon da rurin manyan motoci daga safe har dare. Na dama yana cikin mota yana hutawa. Haka abin yake ga mai injin markaɗe da kullum gefe ɗaya yake ba injin, da mai walda, da maƙeri, da 'yan bindigar da ke buga ta gargajiya a hawan Sallah. Kunnuwa biyu ne a kai ɗaya, amma ba wahala ɗaya suka sha ba.

Abin da na fara yi shi ne abin da kowa zai fara yi. A wayoyin Android, tun daga na 10 da ya fito a 2019, akwai wani maɓalli a sashen saitin masu buƙata ta musamman da ake ja hagu ko dama, wato balans. iPhone ma tana da shi. Na ja masa shi wajen hagu. Kawu ya saurara na ɗan lokaci, ya cire ya ce, "Kai yaro, yanzu kuma gurnani ya cika min kunne, maganar dai har yanzu ba ta washe ba." A nan na gane cewa ba a nan gizo ke saƙar ba. Balans ƙarfi kawai yake ƙarawa ko ya rage, kuma sautin duka yake ɗagawa, mai kauri da siriri. Shi kuwa kawu ba duka ya rasa ba. Mai kaurin yana jin sa lafiya lau da kunnen hagu, siririn ne ya tafi. Da na ƙara masa ƙarfi, sai na ninka masa abin da yake da shi don in ba shi ɗan abin da ya rasa.

Sauti girgizar iska ce. Yawan girgizar a daƙiƙa ɗaya shi ake kira haz, a rubuce Hz. In girgizar ba ta da yawa sautin ya yi kauri, kamar ƙugin babbar ganga ko bes ɗin da ke girgiza ƙirji a gidan biki. In ta yi yawa ya yi siriri, kamar sarewa ko kacau-kacau. Kunnen yaro mai lafiya yana kama daga wajen 20 zuwa 20,000, kuma saman nan yana zaizayewa da shekaru ko da mutum bai taɓa shiga hayaniya ba. Muryar namiji gindinta yana wajen 100 zuwa 150, ta mace wajen 200 zuwa 250. To amma gindin murya ba shi ne ke bambanta kalmomi ba. Baƙaƙe irin su s da ts da sh da f suna can sama, daga wajen 2,000 zuwa 8,000. Kuma abin takaicin shi ne, ɓarnar da hayaniya ke yi wa kunne ta fi farawa a wajen 4,000, daidai unguwar waɗannan baƙaƙen. Shi ya sa mai irin wannan matsala zai ji karin maganar Hausa sarai, hawa da saukarta duka, domin karin yana ƙasa inda kunnen bai lalace ba, amma ya kasa rarrabe sara da tsara da shara. Sai ka ji ana cewa dattijo yana jin abin da ya ga dama ne kawai. Sau da yawa ba haka ba ne, muryar yake ji, kalmar ce ba ta isa ba.

Ikwalaiza aikinta ke nan: ta yanka wannan dogon fili na sauti zango-zango, ta ba ka dama ka ɗaga wani zango ka sauke wani. Wadda ke zuwa cikin yawancin wayoyin Android zango biyar gare ta, a 60 da 230 da 910 da 3,600 da 14,000. Ta manhajojin kwamfuta galibi goma ce, daga 31 ana ninkawa har 16,000. Matsalar ita ce kusan dukansu layi ɗaya ne na maɓallai, abin da ka yi wa hagu shi ka yi wa dama. In na ɗaga wa kawu 3,600 don kunnen hagu, na dama mai lafiya sai ya sha tsinin da bai nema ba.

Abin dariyar shi ne a da ba haka ake yi ba. Wanda ya san manyan rediyoyin falo na shekarun 1980 zai tuna akwatin ikwalaiza mai layi biyu na maɓallai, ɗaya na hagu ɗaya na dama. Har gobe in ka leƙa kayan masu ba da hayar lasifika, ko situdiyon da ake haɗa waƙoƙin finafinai, za ka ga mai zango 31 sau biyu. Da waƙa ta koma cikin waya aka haɗe layukan biyu, saboda allon ƙarami ne kuma mafi yawan mutane ba sa buƙata. Ban ga laifin wannan lissafi ba ta fuskar kasuwa. Amma a gari irin Kano, inda janareta da adaidaita sahu da injinan Sharaɗa da Bompai da Challawa suke cin kunnuwan mutane a hankali, masu buƙatar ba 'yan kaɗan ba ne, ba su san sunan abin da za su nema ba ne kawai.

Kafin mutum ya taɓa kowane maɓalli sai ya kama ɓarawon tukuna, domin waɗanda ake zargi uku ne: iyafis, kunne, ko waƙar kanta. Dabarar mai shagon nan ta juya iyafis ita ce ke raba na farko da na biyu, kuma ban san wadda ta fi ta sauƙi ba. In laifin na iyafis ne, a duba 'yar ragar bakinsa. Ƙurar hunturu da dauɗar kunne suna toshe ta, gefe ɗaya ya dushe, kuma tsohon buroshin haƙori busasshe ya isa ya gyara. A duba robar ma: in ba ta toshe ramin kunne ruf ba, bes ne ke zurarewa, kuma ramukan kunnen mutum ɗaya ba lallai su zo girma ɗaya ba, sai ka ga hagu na son babbar roba dama na son matsakaiciya. Akwai kuma wani abu da ke rikita mutane a iyafis mai waya. Filoginsa mai kaurin milimita 3.5 kashi-kashi ne, tsinin na hagu, na bayansa na dama, sannan wayar da suke tarayya a kanta. In wannan ta tarayyar ba ta taɓa da kyau ba, saboda datti ko filogin bai shige duka ba, sai a ci gaba da jin kiɗa amma muryar mawaƙi ta ɓace kamar yana waƙa a cikin rijiya. Wannan ba aikin ikwalaiza ba ne, aikin tsinke da auduga ne a ramin waya. Waƙar kuwa, a kunna mono a saitin waya, abin da ke sa a zuba abu ɗaya a kunnuwa biyu. In bambancin ya ɓace, to dama can mai haɗa waƙar ne ya jingine wani kayan kiɗa a gefe ɗaya, da gangan ko da ganganci.

Dalilin da ya sa wannan gyara yake son hannu mai sanyi yana cikin yadda sitiriyo, wato tsarin aika sautin hagu daban na dama daban, ke yaudarar ƙwaƙwalwa. Wani injiniyan Ingila, Alan Blumlein, shi ya yi rajistar dabarar a 1931, amma sai wajen 1958 faya-fayan sitiriyo suka bazu a kasuwa. In ka sa iyafis ka ji muryar mawaƙi a tsakiyar kanka, babu wata lasifika a can. Murya ɗaya ce aka zuba a hagu da dama da ƙarfi ɗaya a lokaci ɗaya, ƙwaƙwalwa ta yanke hukuncin cewa a tsakiya take. Da abu biyu take wannan hukunci. A sauti mai kauri, ƙasa da wajen 1,500, tana auna wane kunne sautin ya riga isa, tazarar da ko kashi ɗaya cikin dubu na daƙiƙa ba ta kai ba. A siririn sauti kuma tana auna wane kunne ya fi jin ƙarfi, domin kai yana tare siririn sauti kamar yadda katanga ke tare rana. To ikwalaiza tana taɓa duka biyun: tana canja ƙarfi, kuma irin wadda ke cikin yawancin manhajoji tana ɗan jirkita lokacin sautin a kewayen zangon da aka taɓa. In abu ɗaya aka yi wa kunnuwa biyu ba a lura. In aka bambanta su da yawa, sai murya ta tsage, kaurinta na tsakiya siririnta ya zame gefe, kalangu ya rasa mazauni. Gyaran gangar Auzinawa ke nan.

Kayan aikin da ke ba da dama a raba hagu da dama ba su da yawa, amma akwai. Mai wayar Samsung yana da Adapt Sound a cikin saitin sauti: zai sa iyafis, wayar ta riƙa yi masa ƙananan ƙararrawa a kowane kunne daban tana tambayarsa ko ya ji, sannan ta tsara wa kowane kunne nasa. Ga mutum irin kawu wannan ne mafi sauƙi, kuma saboda a jikin wayar yake, ba a cikin manhaja ɗaya ba, yana bin mutum daga waƙa zuwa bidiyo. Apple ta sa Headphone Accommodations tun iOS 14 a 2020, wanda ke aiki da wasu hedifon nata da na Beats, kuma a 2024 hukumar abinci da magunguna ta Amurka ta amince AirPods Pro 2 su yi aikin na'urar taimaka wa ji ga masu matsala mara tsanani. Sai dai kuɗinsu ba na kowa ba ne. A cikin manhajojin sauraron waƙa, Neutron tana da ikwalaizar da ake saita wa kowane gefe nasa, amma abin da ka kunna a cikinta kawai take gyarawa. Ka fita ka shiga YouTube ko saƙon murya na WhatsApp, ka koma gidan jiya.

A kwamfuta mai Windows kuwa akwai Equalizer APO, kyauta ce, kuma ita na fi so domin babu ɓoye-ɓoye a cikinta. Fayil ne na rubutu. Ka rubuta Channel: L, duk abin da ya biyo baya na hagu ne. Ka rubuta Channel: R, abin da ya biyo baya na dama ne. Kowane layi abu uku yake tambaya: wane zango, desibel nawa, wato ma'aunin ƙarfin sauti, za a ƙara ko a rage, da kuma faɗin wurin da gyaran zai shafa, abin da suke wa alama da harafin Q. Ƙaramin Q yana ɗaga fili mai faɗi kamar tudu, babban Q yana ɗaga siririn wuri kamar tsini. Ga gyaran kunne tudun ake so, Q na wajen 1. Tsini na masu farautar wata ƙara guda ce a situdiyo.

Akwai hanya ta uku ga wanda na'urarsa ba ta da ko ɗaya daga cikin waɗannan, kamar ƙaramar waya mai madannai ko rediyo mai cin memori. Sai a gyara fayil ɗin kansa. Manhajar Audacity, ita ma kyauta, tana raba waƙa gida biyu, a yi wa hagu nasa gyaran, a sake haɗewa a fitar. Duk mai tura waƙa a memori da ke da kwamfuta zai iya koyon wannan a yini guda. Amma a ajiye na asalin, domin wanda aka gyara na kunnen mutum ɗaya ne, kuma duk MP3 da aka buɗe aka sake matsewa sai ya ɗan rage kyau.

Yadda muka yi da kawu shi ne muka jira dare, ranar da aka kawo wuta janaretocin layinmu suka yi shiru. Na sa mono, na kunna masa sauti guda mai tsayi a 250, na ce, "Kawu, rufe ido, nuna min da yatsa inda kake jin sa." Ya nuna tsakiyar goshi. A 500 da 1,000 ma haka. A 2,000 yatsan ya ɗan karkata dama. A 4,000 ya tafi har kan kunnen dama. Wannan tambayar ta fi "ka ji ko ba ka ji ba", domin kunne ba gwani ba ne wajen faɗin yawan ƙarfi, amma gwani ne wajen faɗin inda abu yake. Sai na riƙa ɗaga hagu a wannan zangon desibel ɗaya ko biyu, ina tambaya, har yatsan ya fara dawowa. Ban jira ya dawo tsakiya cif ba, na tsaya a rabin hanya, na cire mono, na sa masa karatu da labarai da waƙa ya ji.

Tsayawa a rabin hanyar nan ba rowa ba ce. In aka yi wa mutum gwajin ji a asibiti, ana ba shi takarda mai zanen layi biyu, ja na dama, shuɗi na hagu, daga 250 zuwa 8,000. Kuskuren da masu wayo suka fi yi shi ne su ga kunnen hagu ya faɗi desibel 30 a 4,000, su ce to a ƙara 30. Takardar tana faɗin mafi ƙanƙantar sautin da kunnen ke iya kamawa ne, ba yadda yake jin sauti mai ƙarfi ba. Kunnen da hayaniya ta lalata yana da wata ɗabi'a: ƙaramin sauti ba ya ji, amma da sauti ya yi ƙarfi sai ya ji shi kusan daidai da mai lafiya, wani lokaci ma ya fi damuwa da shi. Shi ne dattijon da zai ce ka ɗaga murya, kana ɗagawa ya ce me ya sa kake masa tsawa. Saboda haka tsohuwar ƙa'idar masu saita na'urar ji ita ce a ba da kusan rabin abin da aka rasa, na'urorin yanzu kuma suna ɗaga ƙaramin sauti su ƙyale babba. Ikwalaizar waya ba ta da wannan basira, abin da ka ce ta ƙara shi take ƙarawa ko a raɗa ko a ihu. Ni dai ban ga dalilin wuce desibel 6 zuwa 8 a kanta ba.

Sannan ga rufin ɗaki. Sautin da ke cikin fayil yana da iyakar da ba ya wucewa, kuma waƙoƙin zamani, namu da na waje, ana haɗa su ne dab da wannan iyaka don su yi ƙara a waya. In ka ɗaga wani zango desibel 6, kan sautin ya bugi rufi ya fashe, sai ka ji karce-karce ka zaci iyafis ne. Maganin shi ne maɓallin da aka rubuta wa Preamp: abin da ka ƙara, ka rage kwatankwacinsa a can, kuma a gefe biyu duka, in ba haka ba ka rushe daidaiton da ka sha wahalar ginawa. Wani lokaci ya fi kyau a raba nauyin, a ɗaga hagu 3 a sauke dama 3, maimakon a ɗora wa hagu 6. A kuma tuna cewa kunnen da ake ɗaga wa sautin shi ne mai raunin. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce babba zai iya sauraron desibel 80 na awa 40 a mako ba tare da cutuwa ba, kuma duk ƙarin desibel 3 yana raba wannan lokaci biyu. Wanda ya ɗaga 4,000 sannan ya ƙure ƙarar waya a cikin adaidaita sahu don ya danne hayaniyar titi, garin neman gira zai rasa ido.

Duk wannan maganar iyafis ce da hedifon, inda kowane kunne ke da tasa lasifikar. A lasifikar ɗaki ko ta mota lissafin ya canja, domin kunnuwa biyu suna jin lasifika biyu duka, ba za ka iya aika wa kunnen hagu saƙo shi kaɗai ba. Raba ikwalaiza a nan ɗaki yake gyarawa, ba kunne ba. Lasifikar da aka cusa a lungu besinta yana kumbura, wadda ke bakin ƙofa nata ya yi ƙasa, sai a rage wa ta lungun. Ko da yake jawo ta daga lungun taku ɗaya ya fi kowane maɓalli aiki. Ƙananan akwatunan Bluetooth ɗin nan da muke kira MP kuwa, da yawansu lasifika ɗaya ce a ciki, ko biyu da suke manne da juna, hagu da dama a cakuɗe suke fita, babu abin rabawa.

Abu ɗaya ne ba na wasa da shi. In gwajin juya iyafis ya nuna kunne ne, a je a duba shi kafin a zauna saita waya. Yana iya zama dauɗa ce ta toshe, a wanke a asibiti cikin 'yan mintoci, ba da tsinken ashana ko gashin kaza ba. Yana iya zama ruwa a bayan fatar kunne bayan mura. Amma jin da ya ɗauke a kunne ɗaya farat ɗaya, cikin kwana ɗaya zuwa uku, na gaggawa ne, domin maganinsa ya fi ci in an fara shi a makonni biyun farko. Haka wanda ke raguwa a gefe ɗaya tare da ƙara a cikin kunne ko jiri, likita zai so ya tabbatar ba wani tsiro ne a jijiyar ji ba. Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano yana da sashen kunne da hanci da maƙogwaro, ga kuma Cibiyar Kula da Kunne ta Ƙasa a Kaduna.

Kawu ya je, bayan na yi ta magiya. Aka ce ɓarnar hayaniya ce ta shekaru, wadda ba ta dawowa, kuma takardarsa ta nuna rami a 4,000 a layin shuɗi, daidai inda yatsansa ya gudu a daren nan. Saitinsa yanzu ƙari ne na desibel 2 a 2,000 da 5 a 4,000 a hagu kawai, an rage 5 a Preamp. Tafsiri da labarai a mono yake jin su, tunda murya ɗaya ce babu abin da za a rasa. Iyafis ɗin da yake sawa kuma shi ne na ukun nan da ya so in mayar.